Likitan Da Ya Daka Maka Tsawa, Yaushe Rabonsa Da Barci?

Ɗan'uwa mazaunin Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo, ka san kukan da ake yi da asibitocin gwamnati. Ka kai mara lafiya da asuba, ka wuni a kan benci, da aka zo kanka likita bai ko ɗago ido ba. Ka yi tambaya, ya daka maka tsawa. Ka koma gida kana cewa yaran yanzu ba su da ladabi.

Wannan yaron da ka gani, galibi sabon likita ne. A Ghana, wanda ya gama karatun likitanci sai ya yi shekara 2 yana aiki ƙarƙashin manya, yana zagayawa daga ɗakin tiyata zuwa na yara, na haihuwa da na sauran cututtuka. A Korle Bu, Komfo Anokye da babban asibitin Tamale, irinsu ne ke riƙe da dare. Ya wuni a tsaye, ya kwana a tsaye, gari ya waye a ce ya ci gaba da duba layi. Direban da ya yi haka ba za ka shiga motarsa ba, amma ga shi an miƙa masa ran mahaifiyarka.

Gajiya idan ta yi yawa, haƙuri take fara cinyewa, sannan tausayi, sannan lura. Daga nan ake samun baƙar magana, da rubuta magani ba a gama sauraro ba, da mantawa da sakamakon gwajin jini. Wulaƙanci laifi ne, wanda ya yi a hukunta shi. To wa zai hukunta wanda ya kai shi wannan hali?

A 2015, sababbin likitoci 91 sun yi wata 11 ba albashi, sai da suka je suka tare a ofishin babban akanta a Ankara. Wata 11! Ga kuɗin haya, ga dumsor. Shi ya sa da dama ya samu sai Ingila ko Amurka, aikinsa ya hau kan na baya.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Idan masu mulki sun shigo zango da shinkafa da riguna, ka tambaye su nawa suka ware. Mu abin da muke nema shi ne albashi tun watan farko, iyaka ga awoyin aiki, da hutu bayan aikin dare. Ka riƙe wannan har ranar zaɓe.