Gajeruwa Ko Doguwa? Shawara Ga Manomi Mai Neman Bindiga

'Yan'uwa manoma, akwai wata gardama da ta shigo cikin ƙungiyoyinmu na gama kai, daga nan Gyallesu da Tudun Wada har zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Waɗansu sun ce gajeruwar bindiga ta fi, gama ana iya soke ta cikin riga a tafi gona ba wanda ya sani. Waɗansu kuwa sun ce doguwa ta fi, don ta fi kai wa nesa. Har akwai masu cewa a taɓa kuɗin asusun ƙungiya a saya. Ni ra'ayina, kada a taɓa kuɗin nan, kuma ga dalilaina.

Tsoron da ya kawo maganar ba na banza ba ne. A watan Yuni 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar Nuhu Bamalli a nan Zariya da dare suka kwashe mutane. A watan Maris 2022 kuma sun auka wa ƙauyuka da dama a ƙasar Giwa. Mai gona a nesa da gari, in ya ce yana jin tsoro, ba wanda zai ga laifinsa. Amma sai mu auna da kyau tukuna.

Na farko, doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, watau fistol da libarba. Waɗannan sai da iznin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri, irin adaka da harba-ka-ruga, su kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasinsu. To, kun ga gajeruwar nan da ake yabo tana cikin kashi na farko. Wanda aka kama da ita ba izni, hukuncinsa ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba. Ko maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta, laifi ne, kuma “don tsare kaina ne” ba ya fid da mutum a gaban alƙali. Wa zai noma gonarka shekara goma? Wa zai biya kuɗin makarantar yara?

Lasin doguwar ma ba a hannu yake ba. A watan Yuni 2022 Gwamna Matawalle na Zamfara ya ce wa mutanensa su nemi lasin su sayi bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto Janar Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka duk wanda ya zo maka da takarda a aljihu ya ce zai “shirya” maka, ka je ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka tambaya kafin ka ba shi ko kwabo.

Na biyu, aikin bindigar kanta. Gajeruwa ba ta da saiti mai kyau, gama bakinta gajere ne, hannu kuwa in ya ɗan yi rawa harsashi ya kauce. Ƙirar gida da aka yi da bututun ƙarfe takan fashe a hannun mai ita. Doguwa mai baki biyu ta fi ta saiti, amma harbi biyu ne sai a sāke sa harsashi, amfaninta kuma da ƙyar ya wuce mita 50. Adaka harbi ɗaya ce, sa'an nan ka tsaya ɗura albarushi. Ɓarayin daji kuwa sukan zo da yawa bisa babura, riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, mai kai wa mita ɗaruruwa. Manomi ɗaya a tsakiyar masara, ko da gajeruwa ko da doguwa, bai yi daidai da su ba. In kuwa sun san gidan wane akwai bindiga, nan za su fara sauka.

Na uku, abin da kan biyo baya. A Zamfara 'yan sa kai sun ɗauki makamai don tsare garuruwansu, amma da aka shiga kisan mutane bisa zato, sai ramuwar gayya ta yi yawa. A watan Afrilu 2014 aka kai hari kan taron 'yan sa kai a 'Yar Galadima, cikin ƙasar Maru, mutane masu yawa suka hallaka. A nan wurinmu ma, bindigar da ke rataye a ɗaki tana nan ran da shanu suka shiga gona, tana nan ran da aka yi gardamar iyaka, tana nan sa'ad da yaro ke wasa shi kaɗai. Ɓarnar da mai unguwa da arɗo za su sasanta da buhu biyu na dawa, in aka yi harbi sai ta zama gabar shekaru.

To, mene ne abin yi? Ba na ce mu naɗe hannu ba. Ga abin da ƙungiya za ta iya:

1. A riƙa fita gona mai nisa tare, kamar yadda ake gayya, a sa mutum ɗaya gadi, a komo kafin la'asar sakaliya.
2. Kowane mamba ya riƙe lambar wayar shugaban ƙungiya, da ta mai unguwa, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa.
3. A yi shiri da maƙwabta, Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya. Makiyayi shi ke fara ganin baƙuwar fuska a daji, shi ma kuwa ana sace masa shanu.
4. Kada a bar amfanin gona ya kwana a daji, kada kuma ma'aji ya ajiye kuɗin ƙungiya a gida. A kai banki.
5. Samarin da ke son aikin tsaro su shiga ta hukumar 'yan sintiri ta Jihar Kaduna, inda akwai rajista da horo da shugaba.

Maharbin da ke da adaka da lasinsa, yana korar birai da gyado daga gona, ya ci gaba da aikinsa. Sai dai ya ajiye ta ba ɗuri, albarushi kuma a wani wuri dabam, nesa da yara.

Kuɗin asusu na taki ne da iri da maganin ƙwari. In maganar bindiga ta taso a taronku na gaba, ku karanta wa mambobi wannan shafi, ku tattauna abubuwa biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ku sa sunan wanda zai ɗauki kowanne. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka.