A bar Kawu ya riƙe linzamin da hannunsa

A makon jiya Kawu ya aika a kira ni bayan La'asar. Tsohon malamin firamare ne, ɗansa ya aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka, yana son sauke fom ɗin tallafin karatu na autarsa. Ya ce ya danna har ya gaji, abu ya ƙi fitowa. Da muka buɗe foldar Downloads sai ga fom ɗin har guda bakwai a jere, shida daga ciki da lamba 1 zuwa 6 a gefen sunan. Duk dannawar da ya yi, kaya sun sauka. Inda suke sauka ne ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ya turo mini kwamfutar ya ce, "Kai dai yi mini, ɗana, wannan ya fi ƙarfina." Na ce, "A'a Kawu, ku za ku yi, ni ina gefe."

Kukana ke nan da matasanmu masu ido a buɗe. Da dattijo ya nemi taimako sai yaro ya fizge linzami, ƙas-ƙas, an gama, ya tashi. Gobe dattijon ya sake neman sa, yana jin kunya. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, da wuya a samu gidan ɗan makaranta da bai buƙaci sauke wata takarda ba, amma har yau iyaye da yawa sai sun biya a shagon kafe kan abin da minti goma ya isa a koya musu.

Na sa Kawu ya danna Ctrl da J tare a Chrome, jerin duk abin da ya sauke ya bayyana. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ashe nan ce tashar." Daga nan ya buɗe sabuwar folda, ya sa mata sunan 'yarsa, ya ja fom ɗaya ciki, ya canja masa suna da Hausa yadda ko baɗi zai gane shi. Hannunsa na rawa, linzamin ya kuɓuce masa sau biyu. Na haɗiye gaggawata.

Inda na fi daɗewa da shi shi ne maganar tarko. Shafuka da yawa suna da ƙaton koren maɓalli mai kiran a danna, alhali talla ce, na gaskiyan yana can ƙarami a gefe. Takarda wutsiyar sunanta pdf ce ko docx. In mutum na neman fom ya ga exe, manhaja ce ke shirin shiga masa kwamfuta, ya janye hannu. Windows kuwa tana ɓoye wannan wutsiya sai an ce ta nuna, don haka duk mai koyar da wani ya fara da buɗe ta. A kuma duba nauyin fayil kafin a danna, saboda data da kuɗi ake saye.

Sai maganar ajiya: filashin Kawu ya yi yawon shaguna da yawa, ban yarda ya zama shi kaɗai ne ma'aji ba. Kawu ya tura wa kansa fom ɗin ta imel. Ana kiran Magariba yana goge sauran shidan ɗaya bayan ɗaya.