SHARHI: Birkin babur a Zamfara, matsalar da dokokin tsaro suka tsallake

Babu abin hawan da gwamnatoci suka fi yi wa doka a Jihar Zamfara kamar babur. A watan Mayun 2019 Rundunar Sojojin Najeriya ta haramta hawansa a dazuzzukan jihohi bakwai, ciki har da Zamfara. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgarsa da dare, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. A watan Yulin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a kan dokar hana shi yawo daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe.

Dalilin waɗannan matakai sananne ne, domin a kan babur ’yan bindiga ke kai hari, a kansa kuma suke tserewa. Amma dukkan dokokin sun tsaya ne a kan lokacin da babur zai fita da inda zai bi. Ba su taɓa lafiyar babur ɗin talaka ba, musamman birkinsa, alhali shi ne ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, da ɗalibi zuwa makaranta, da buhun gero zuwa kasuwa.

Babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, ta wuce Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, sannan ta nufi Sakkwato ta Bunguɗu. A kanta ɗan kabu-kabu ke goga kafaɗa da tirela da tankar mai. Tsoron ’yan bindiga ya sa kowa gudu yake yi, dokar dare kuma ta sa kowa na neman kai wa gida kafin lokaci ya cika. Gudu da lodi su ne abubuwa biyu da suka fi cin birki.

Yadda birkin yake aiki

Mafi yawan baburan haya, irin su Bajaj Boxer da Honda Ace, birkinsu a cikin cibiyar taya yake, waya ko sandar ƙarfe ce ke jan sa. Wasu baburan kuwa suna da birki mai faifai a tayar gaba, wanda ke aiki da man birki. Idan aka matsa hannu, man sai ya tura fistin da ke cikin wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, wanda makanikai ke kira kalifa, shi kuma ya sa takalman birki su ciji faifan. Keke Napep ma da mai birkinsa ke aiki, saboda haka abin da ya shafi wannan ya shafe shi.

Duk wannan aiki ya dogara ne a kan wasu ƙananan zobban roba da ke kewaye da fistin. Na ciki shi ke hana mai zuba, shi ke kuma janyo fistin baya kaɗan idan an saki birki. Na waje aikinsa tare ƙura da ruwa. Ƙurar hunturu da laka ta damina kan cinye na wajen, tsatsa ta kama fistin, daga nan birki ya riƙa riƙe taya, ko kuma hannu ya yi laushi, a matsa har ƙarshe babur bai tsaya ba.

Gyaran ba shi da tsada idan aka gwada da sayen sabuwar kalifa. Ana kwance ta, a fitar da fistin, a tsabtace ramin da robar ke zama, a sa sabbin robobi, a zuba sabon mai, a fitar da iskar da ta shiga. Inda gizo ke saƙa shi ne ingancin robar da kuma abin da aka wanke ta da shi.

Ana yin robar birki ne da wani nau’i na musamman da ake kira EPDM, wanda ke jure man birki irin DOT 3 da DOT 4, amma ba ya shiri da fetur ko man inji ko giris na gama-gari. Da zarar ɗayansu ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. A garejin gefen hanya kuwa, fetur ne ruwan wankin kowane ƙarfe. Haka kuma zoben robar da aka yi domin famfo ko inji yana iya dacewa da ramin a ido, amma man birki ne zai lalata shi. Makaniken zai yi aikin da kyakkyawar niyya, mai babur ya tafi da murna, bayan ’yan makonni birki ya ƙi ci.

Shi kansa man birkin yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma’aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara biyu, kuma kada a yi amfani da wanda ya daɗe a buɗe.

Faɗuwar naira da kasuwar jabu

Kusan duk kayan gyaran babur daga Indiya da Sin ake shigo da su. Suna sauka a tashoshin ruwan Legas, su bi ta manyan kasuwanni irin na Nnewi a Jihar Anambra da na Kano, kafin su iso shagunan Gusau, inda makanikan Tsafe da Bunguɗu ke yin sayayya. Kowane zango yana ƙara kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa.

Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta kai kusan naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda a da zai sayar da tsohon babur ya sayi sabo, yanzu sai dai ya yi ta faci. Ɗan kabu-kabun da ke biyan balas kullum, ga tsadar mai, ga awannin aiki sun ragu, dole ya nemi mafi araha. Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado, kuma a sha’anin birki asarar ta wuce ta ado.

Indiya, inda ake ƙera Boxer, ta wajabta tun watan Afrilun 2019 cewa duk sabon babur da ya haura 125cc a sa masa na’urar ABS mai hana taya kullewa, ƙananan kuma a haɗa birkin gaba da na baya. Dokar ta shafi baburan da ake sayarwa a cikin ƙasar ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya asara idan aka auna da yawan jama’a.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar SON ce ke da alhakin tabbatar da ingancin kayan da ake shigowa da su. Ya kamata bincikenta ya kai ga ƙananan kaya irin robar birki da man birki, tun daga tashar ruwa da manyan dillalai, domin ƙaramin mai shago a Tsafe ba shi da hanyar gwada su.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC da hukumar ZAROTA ta jiha suna iya shirya duba birki kyauta a tashoshin ’yan kabu-kabu tare da shugabannin ƙungiyoyinsu. Idan aka mayar da abin hanyar cin tara, masu babura za su guje shi.

Makanikai kuma suna buƙatar horo na ’yan kwanaki kawai. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Kwalejin Abdu Gusau da ke Talatar Mafara suna iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙungiyoyin makanikai ma suna iya haɗa kuɗi su riƙa sayo robobin asali kai tsaye daga wakilan kamfanoni.

Shi ma mai babur yana da nasa aikin. Ya duba ko mai na tsatsafowa a gefen tayar gaba, ya lura idan hannun birki ya yi laushi, ya tsaya a kan makanike har ya ga an wanke kayan da man birki mai tsabta, kuma ya ƙi yarda a mayar masa da tsohuwar roba.

An saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma robar da aka wanke da fetur sakaci ne da ake iya maganinsa da ɗan kuɗi kaɗan da ilimi. Gwamnatin da ta iya ƙayyade lokacin da babur zai fita, tana iya tabbatar da cewa zai tsaya idan an taka birki.