Ifiritun da ya dawo mana ta Japan

Da Babbar Sallar da ta wuce, ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ya zo mana Farin Dutse da kwamfutarsa. Bayan isha'i muna zaure sai na ji wata ƙara kamar an cinna wa daji wuta. Na leƙa, sai ga wata halitta mai ƙahoni da farata, jikinta kamar garwashi, tana feshin wuta. Bidiyon wasansa ne da ya naɗo, don sabis ɗinmu na nan ba ya ɗaukar wasan kai tsaye.

"Baffa, wannan shi ne Ifrit," in ji shi. "Mutanen Japan ne suka ƙirƙiro shi."

Na ce ya sake faɗin sunan a hankali. Ya sake. Yaron nan fa da hannunsa ya rubuta Suratun Namli a allo, ya wanke, amma bai gane ifiritu ba saboda an sa masa ƙaho.

Wasan shi ne Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix, wanda ya fito a 2010, aka sake masa gini a 2013. Mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa cikinsa ta intanet, kowa da jaruminsa. Wanda ya zaɓi sana'ar kira yana iya kiran wannan halitta ta taya shi yaƙi. Tun 1990, a kashi na uku na jerin wasannin, ake kiranta haka.

Asalinta kuwa a gidanmu yake. A aya ta 39 ta Suratun Namli, ifiritu ne daga aljannu ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin kawo gadon sarautar Bilkisu kafin ya tashi daga majalisarsa. Ga kuma labarin masuncin nan na Dare Dubu da Ɗaya da ya ciro tulu daga teku, ya buɗe, ifiritu ya fito yana neman kashe shi. Wannan littafi ne ya yi wa sunan jagora. Antoine Galland ya fara buga fassararsa ta Faransanci a 1704, Turawa suka rungume shi, daga baya wasan Dungeons & Dragons na Amurka ya ɗauki ifiritu a 1974, mutanen Japan suka karɓa daga nan. Wutar dai sun same ta daidai, tunda Suratur Rahman ta ce daga harshen wuta aka halicci aljannu. Ƙahon da jelar, su suka san inda suka samo su.

Akwai ma wanda ya fi shi shan wahala a hanya. Bahamut, da yaran ke ɗauka sarkin halittun wasan, a littattafan Larabawa na da ƙaton kifi ne wanda duniya ke bisa kansa. Kafin ya iso Tokyo ya zama maciji mai fukafukai.

Na san wasu malamanmu za su ce a hana yara wasan gaba ɗaya, kiran aljani ko a wasa ba abin yi ba ne. Ina girmama wannan magana, kuma ni ma ba na son ganin abin da Alƙur'ani ya ambata ya zama bawan danna maɓalli. Sai dai hanin ba zai kai ko'ina ba, wayar tana aljihun yaro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya ɗauka kayan baƙi ne. An sayi hatsinmu a kasuwar Gwaram, an niƙa a wani gari, an dawo mana da garin a leda mai rubutun waje, muna ta yaba shi.

Kuma ba wai rumbunmu ya ƙare ba ne. Ban ce a taɓa abin da ya shafi addini ba, iskokin bori irin su Sarkin Rafi da Doguwa ma a bar su inda suke, rigimarsu ta fi ribarsu. Amma ina Dodo? Ina Gizo da Ƙoƙi da Botorami? Ina macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a? Wannan kaɗai ya isa babban abokin gaba a kowane wasa. Nan kusa da mu a Birnin Kudu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse, ga duwatsun da ake kaɗawa su yi amo kamar ƙararrawa. Masu binciken tarihi sun zo sun gani tun shekarun 1950. Cikin samarinmu masu zane a kwamfuta, nawa ne suka taɓa hawa can?

Na faɗa wa yaron duk wannan, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko Dodo yana da ƙaho. Na ce ban sani ba, ya tambayi kakarsa. Da safe ya same ta tana gyaran wake, ya kunna waya zai naɗi muryarta. Ta dube shi ta ce ba a tatsuniya da rana, ya dawo bayan an ci tuwo.