SHARHI: Ɗan Aiken Bankuna Da Ya Zama Sarki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa biyan kuɗin kaya zuwa Dubai ko ƙasar Sin ta hannun banki, da wuya a ce bai yi hulɗa da SWIFT ba, ko da kuwa bai taɓa jin sunan ba. Wannan ƙungiya, wadda aka kafa a ƙasar Beljiyam cikin shekarar 1973, ba ta ɗaukar ko sisin kwabo daga wata ƙasa zuwa wata. Aikinta shi ne isar da saƙo tsakanin bankuna ta hanyar kwamfuta, wato wane zai biya wane, nawa, kuma ta wane asusu. Cibiyoyin kuɗi fiye da 11,000 a ƙasashe sama da 200 ne ke dogaro da ita.

To, amma wanda kowane saƙo ke bi ta hannunsa ya san cikin kowa. A shekarar 2006 jaridun Amurka suka tona cewa tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Ma'aikatar Kuɗi ta ƙasar ke duba bayanan SWIFT a asirce, da nufin bin sawun kuɗin 'yan ta'adda.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ikon rufe ƙofa. A watan Maris na 2012, bisa umarnin Tarayyar Turai, aka yanke wasu bankunan Iran daga wannan hanya. An mayar da yawancinsu a 2016, aka sake yanke wasu a 2018 saboda matsin lambar Amurka. A watan Maris na 2022 kuma, bayan Rasha ta mamaye Yukren, aka kori bankunanta guda bakwai, daga baya aka haɗa da Sberbank, babban bankin kasuwancin ƙasar. Ko sun cancanci hukuncin ko a'a, wannan ba hurumin wannan shafi ba ne. Abin lura shi ne, ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma mai shigo da kaya a Tehran ya wayi gari da kuɗi a asusu, babu halin aika su.

Sin ta kafa tata hanyar, CIPS, a 2015. Masu murna da ita a kasuwanninmu su tuna cewa canjin ubangida ne kurum.

A ganinmu, wadda ta fi cancantar kulawar 'yan kasuwarmu ita ce PAPSS, wadda bankin Afreximbank ya ƙaddamar a birnin Accra cikin Janairun 2022. Ta wannan hanya ɗan kasuwar Kano zai biya da naira, abokin cinikinsa a Gana ya karɓa da sidi, ba sai kuɗin ya zaga ta wani banki a New York ko Landan ba, kamar yadda aka saba. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tambayi bankunansu ko sun shiga tsarin, da kuma nawa suke caja a kan kowane aike.