TSUFA DA CIWON ZAMANI: NA'URA TA BIYO TSOHO GIDA

Bahaushe ya daɗe da sanin ciwo iri biyu: wanda yake kayar da mutum kwana bakwai ya tashi ko ya cika, da wanda yake zama da shi har ƙarshen rayuwa. Asibitocin karkara an gina su ne domin iri na farko, wato zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da amai da gudawa. Amma duk wanda ya zauna a zauren wani dattijo a Boɗinga ko Shagari zai ji cewa iri na biyu ne yake cin tsofaffi: hawan jini, ciwon sukari, ciwon ƙoda, yanar ido da shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan ba su jin allura ɗaya. Awo suke so da magani kullum, shekara da shekaru.

Kimiyyar likitanci ta yi nisa wajen tarbar wannan matsala. Tun da aka gano insulin a Kanada a shekarar 1921, ciwon sukari ya daina zama hukuncin kisa. Injin wankin ƙoda yana tace jinin wanda ƙodarsa ta gaza, kuma akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. To, sai dai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Manomin da zai taso daga ƙauyen Shagari, ya biya mota ya biya ɗan rakiya, sannan ya biya kuɗin wankin, kafin wata uku ya sayar da bisashensa, ya jinginar da gona. Daga nan sai a mayar da shi gida a ce a yi haƙuri.

Abin da ya kamata hukuma ta lura da shi shi ne, yawancin masu hawa wannan inji hawan jini da sukari ne suka kai su, kuma dukkansu ana iya gano su da ƙananan na'urori. Ma'aunin jini na zamani batir yake amfani da shi, yana shiga aljihun riga, yana nuna lamba ƙarara. Wanda awonsa yake tsayawa a 140 bisa 90 ko sama da haka ya san lokacin ganin likita ya yi. Ma'aunin sukari kuwa ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Ciwo ne marar sallama. Sau da yawa faɗuwar tsoho a masallaci ita ce sanarwarsa ta farko, sai a ce iska ta buge shi.

Marigayi Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Asibitin Ƙasa na Abuja a watan Disamba na 2018 yana da shekara 93, aka kawo shi mahaifarsa aka rufe. Allah ya jiƙansa. Tsararrakinsa da ƙannensa da ba su taɓa barin garin ba, su ma suna da haƙƙin tsufa cikin kulawa, kuma Abuja ba ta cikin lissafinsu. Nasu rabon sai ya zo ta ɗakin shan magani na unguwa: ma'aikacin lafiya da ma'auninsa, littafin da ake rubuta awon kowane dattijo, ƙwayoyin da ba su yankewa, da wayar hannu da zai kira likita a Sakkwato idan lamba ta haura. Tsofaffin mata da ke cikin kulle sai an aika musu ma'aikaciya mace har tsakar gida. Insulin kuma ba ya jure zafin bazara, saboda haka firjin mai aiki da hasken rana da ake ajiye allurar rigakafin yara ya kamata a yi wa tsofaffi irinsa.

Wani zai ce tsufa ba shi da magani, kashe kuɗi a kan tsoho ɓarna ne. Wannan magana ba ta da gindi a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya wallafa Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Neman lafiya gado ne, ba baƙon abu ba. Dattijon da aka tsare daga shanyewar jiki ya tsare wa iyalinsa rumbu, ya kuma tsare wa ɗalibin Hausa tarihi da karin magana da ba a rubuta ba tukuna.

Ba a ce a rufe ɗakin wankin ƙoda ba. Abin da ake nema shi ne, duk lokacin da aka yi kasafin babban inji ɗaya a birni, a yi na ƙananan ma'aunai da magani ga kowace mazaɓa a Boɗinga da Shagari. Kowace ranar kasuwa a shimfiɗa tabarma a auna dattawa kyauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.