Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Lafiya Na Jihar Maraɗi



A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, yaro zai yi ta haɓo, dasashinsa na jini, a ce zafin rana ne. Wani lokaci ƙwayoyin daskarar da jini ne suka ragu ƙasa da 150,000 a ma'auni, kuma zazzaɓin cizon sauro na rage su. Sai a saya masa asfirin a kasuwa, zubar ta ƙaru.

Muna roƙo a wadata likitocin gundumomin biyu da na'urar ƙidayar jini da jinin ajiya. Maganin tranexamic kuwa, wanda ke rage zubar jinin haihuwa in an ba da shi cikin awa 3 bayan haihuwa, muna roƙo ya isa kowace cibiyar lafiya ta karkara.